Azumin da Aka Hana Mu Goyo

Azumin bana ya zo mana da zafi tun daga farkonsa. Ranar nan da la'asar aka ɗauke wuta a unguwarmu ta Dar es Salam a nan Yamai, fanka ta tsaya, kowa ya fito tsakar gida yana fifita da abin da hannunsa ya samu. Jaririn matar autana ya ɓarke da kuka. Ɗan fari ne, amma a gabana ta ɗauke shi ta sumbace shi, tana kiran sunansa gatsau, ta saɓa shi a baya ta ɗaure da zani. Kafin ta zagaya tsakar gida sau biyu ya yi barci. Na ce mata, "Ke dai kunya ba ta san ƙofar ɗakinki ba." Ta yi dariya, ni ma na yi. Amma carbin da ke hannuna ya tsaya, domin raina ya riga ya tafi wani azumin.

Shekarar da gulbi ya ƙafe a Yamai nake nufi, lokacin mulkin soja, har yara suna tsallaka shi da ƙafa suna tsintar kifin da ya maƙale a taɓo. Damina ta ƙi, wadda ta gabace ta ma ba ta yi abin kirki ba. Mutanen karkara suka yi ta kwararowa birni da tabarmi da ƙoƙuna, soji suna kwashe su a manyan motoci suna kai su bayan gari. Kowa ya san yunwa ake yi, amma ba a faɗinta da ƙarfi a cikin takisi ko a bakin famfo. An koyi magana ƙasa-ƙasa a shekarun nan, ni har yau ban gama yaye kaina daga ita ba.

Mu mutanen Maradi ne. Muna haya a wani gida bayan kasuwar Wadata, ni da maigidana da mahaifiyarsa, Inna. Shi direban babbar mota ne. Da aka fara jigilar hatsin taimako zuwa arewa, soji suka karɓi motar ubangidansa da shi a cikinta, kuma ba a tambayar soja yaushe za a dawo. Saboda haka duk abin da zan faɗa, mu biyu ya tarar, ni da Inna.

Ɗiyata ƴar fari ce, kuma sunan Inna aka sa mata. Kunya biyu ke nan a kaina. Ban taɓa kiran sunanta ba, ban taɓa yi mata wasa a gaban mutane ba, ko kallonta sai in saci ido. "Yarinyar nan" nake cewa. Nawa shayarwa ne, in ta ƙoshi in miƙa ta. Inna ke mata wanka, Inna ke goyonta daga hantsi har magariba, da ita a baya take daka, da ita take zuwa kasuwa. Takwara take ce mata. Ni kuma Amarya take ce mini, ko da na haihu, kuma tun da aka kawo ni gidan ban taɓa ɗaga ido na dubi fuskarta ba. Ba muguwa ba ce. Mace ce doguwa, mai ƙashi, wadda ta goyi tara ta binne huɗu, kuma in ta faɗi magana ba ta maimaitawa.

Yarinyar ba ta girma. In tana shan nono sai ta saki tana haki, gumi ya tsattsafo mata a goshi. Wata bakwai, amma in ka gan ta ka ce ƴar wata uku ce. Inna ta yi rubutu, ta yi hayaƙi, ta yi saiwoyi, duk a banza. A ƙarshe wani mai duba yara ya kara abin saurare a ƙirjinta ya daɗe, ya tura mu babbar likita, wato babban asibitin gari. Can aka ce wata hanyar jini ce kusa da zuciya, wadda take rufewa da kanta bayan haihuwa, tata ba ta rufe ba. Sai an yanka an ɗaure. A ƙasar babu mai yi, amma akwai wasu likitoci baƙi da za su zo na ɗan lokaci. Ubanta ya amince kafin ya tafi. Suka zo ana saura kwanaki kaɗan a kama azumi, aka yi mata aikin, suka tattara kayansu suka koma ƙasarsu.

Da aka fito mini da ita ban gane ta ba. An yanka daga ƙarƙashin hammatarta ta hagu har ya zagaya baya, an manne da farin ƙyalle, ga wata roba ta fito daga haƙarƙarinta tana ɗigar da ruwa ja-ja a kwalba. Babbar mai jinya ta ɗakin, wadda kowa ke ce wa Majo, ta tsaya a kaina. Bazabarma ce gajera mai kaurin murya, Hausarta tas.

"Ki buɗe kunnenki," ta ce. "Ba a ɗaukarta ta hammata. Ba a jan hannunta. Ba a goya ta. Kin ji ni? Waɗanda suka yi aikin ga sun tahi. In ɗinkin ya buɗe daga ciki, babu mai maida shi a ƙasar ga."

Na ce na ji. A lokacin ban ɗauki maganar goyon da nauyi ba. Wa ke tunanin goyo, ga yarinya da roba a jiki?

Kwanakin farko ni kaɗai aka bari a wajenta. Aikina in riƙe hannunta kada ta fizge robar. Haka nake zama, hannuna a kan nata, har yatsuna su yi sanyi su mutu. Da aka cire robar sai aka maida mu babban ɗakin yara, gadaje jere biyu, kowace uwa da tabarmarta a ƙasa gefen gadon ɗanta. Maƙwabciyata Hamsatu ce, daga Tondibia, ɗanta ya faɗa cikin tukunyar kunu ya ƙone cinya. Hausarta kaɗan ce, Zabarmancina ya fi ta kaɗan, amma mun fahimci juna. In zan fita ita ke dafa mini yarinyar, in za ta fita ni ke kore wa ɗanta ƙuda.

Ranar tana farawa ne da ruwa. Famfo ɗaya ne a farfajiya, yana zuwa da asuba yana tsiyaya kamar ana roƙonsa, kafin rana ta ɗaga ya ɗauke. Mata mu jera bokitai da gorunan roba, a yi ta faɗa a kan wadda ta tsallake layi, ana azumi ana zagi. Abin da ka samu shi ne na sha, na wankin tsumma, na alwala. Bayan ruwa sai awo. Majo ta rataye ma'auni a bakin ƙofa, a sa kowane yaro a cikin wani ɗan wando na zane a ɗaga shi kamar nama. Tawa ba a rataye ta, sai a shimfiɗa ta a faranti. Majo ta duba, ta yi tsaki ko ta yi shiru. Daga nan sai zafi. Kafin azahar ƙarfen gado ba ya taɓuwa. Fankar ɗakin tana juyawa in akwai wuta, iskar da take kawowa kuma ta murhu ce. Mukan jiƙa zani mu rataya a taga, kafin ka juya ya bushe ya yi ƙamas. Ɗakin yana warin magani da fitsari da madarar taimako da ta ƙone a tukunya.

Fita kuwa babu. A babbar ƙofa akwai soja da bindiga, saboda masu neman abinci da ke shigowa suna kwana a farfajiya. In ka fita ba lokacin ziyara ba, ba ka dawowa sai lokacin ya yi, ko uwar wa kake. To wa zan bar wa yarinya? Iyakata famfo, iyakata ƙofa. Ta tagar da ke kan gadonmu ina ganin reshen wata bishiyar bedi da guntun katanga. Na san reshen nan fiye da yadda na san fuskar maigidana a lokacin.

Majo ta hana ni azumi saboda shayarwa. Kullum da hantsi Inna takan taso daga Wadata da ƙafa, tana azumi, da kwano a ka, ta miƙa wa sojan. Tuwon jar dawar taimako ne, mai ɗaci-ɗaci, wani lokaci da miyar kuka, wani lokaci kunu kawai. Ina ci a ɓoye bayan gado, ina jin kunyar masu azumi, ina tura shi don nono ya kawo.

Sai dai yarinyar ta farfaɗo, kuma da ta farfaɗo sai ta fara kuka. Tun da aka haife ta ba ta taɓa barcin rana a shimfiɗe ba, a baya take yi. Yanzu ga ta kwance a kan roba mai zafi, tana miƙa hannu ɗaya, tana jiran a ɗauke ta a saɓa. Ta yi kuka har muryarta ta dushe, ta huta, ta ci gaba. In ta yi kuka ina ganin ƙyallen yana ɗagawa yana sauka. Na ɗauke ta a tafin hannu biyu kamar tire, na yi ta zagaya ɗakin, ba ta yi shiru ba. Matan ɗakin suka gaji. Wata ta ce, "Haba baiwar Allah, ki goya ta mana, mu samu mu runtsa." Na ce an hana. Ta ce, "An hana goyo? To mi ya rage ba a hana ba?" Hamsatu dai takan dafa ni ta ce, "Kala suuru, ƙawa. Sai haƙuri."

Jajiberin ranar da za a fara barin masu ziyara su shigo wajenmu, na kwana ina tunanin yadda zan faɗa wa Inna. Ta yaya matar ɗa za ta koya wa wadda ta goyi tara yadda ake riƙon jariri, jaririn ma ƴar fari, takwararta? Na roƙi Majo ta faɗa mata da kanta, ta ce to. Da lokacin ya yi aka kira Majo wani ɗaki.

Tun daga baranda Inna ta gane kukan. Ta shigo da sauri, ko sallama ba ta gama ba, ta aje kwano, ta tsaya a kan gadon. Yarinyar ta gan ta, ta ƙara ƙarfin kukan, tana miƙa hannu.

"Mi kuka yi mata?" in ji Inna. "Takwara, mi suka yi miki?"

Na durƙusa na gaishe ta, idona a ƙasa. Na ce, "Inna, sun ce kada a goya ta."

"Su wa?"

"Likitocin."

"Ƴaƴa nawa suka goya?" ta ce, tana kwance zaninta na sama. "Wagga ɗiya ba ciwo ke sa ta kuka ba. Baya take so. Ku kun bar ta kwance kamar ƙwarya."

Gaskiya ta faɗa. Ta sunkuya, ta juya baya ga gadon, ta miƙa hannu ta kama damtsen yarinyar na hagu, kamar yadda ta yi sau ba adadi, kamar yadda kowace mace take yi ba tare da ta duba ba. Ta fara ja.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na riƙe wuyan hannunta da ƙarfi, na daka mata tsawa da muryar da ban san ina da ita ba.

"Ki sake ta! Ki aje mini ɗiyata! Ɗiyata ce!"

Inna ta saki. Ta juyo ta dube ni, ni ma karon farko na dube ta ido cikin ido. Na ga tsufanta, na ga yadda kumatunta suka faɗa. A kan farin ƙyallen kuma wani ɗigon ja ya fito, yana faɗaɗa a hankali. Ita ma ta gan shi.

Ta ɗaura zaninta. Ta ce, "To. Ɗiyarki ce." Ta fita.

Majo ta zo ta buɗe ƙyallen ta duba. Zare ɗaya ne na waje ya tsinke, na ciki bai motsa ba. Ta wanke, ta manne, ta zage ni, ta zagi Inna da ba ta nan, ta zagi kanta. Washegari zazzaɓi ya kama yarinyar, bakin ciwon ya yi ja ya kumbura. Aka fara yi mata allura. Ta daina karɓar nono. In na sa mata ta kawar da kai, ko ta kama ta tsotsa sau ɗaya ta saki ta koma wani kuka siriri da ba ya fita sosai. Nonona ya cika ya yi ta zuba, daga baya ya fara ja da baya. Kowace safiya Majo ta ɗora ta a faranti ta yi tsaki.

Inna ba ta sake shigowa ba, amma kwano bai fasa zuwa ba ko rana ɗaya. Sojan zai leƙo farfajiya ya ƙwala, "Mai ɗiyar zuciya!" in fita in karɓa. Kafin in kai ƙofa ta riga ta juya. Bayanta kawai nake hangowa ta tsakanin ƙarafa, tana tafiya a gefen titi cikin rana, babu komai a bayan sai zani. Na ji haushinta, ba zan ɓoye ba. Na ce a raina, tsohuwar nan fushinta ya fi mata jikarta. Wani lokaci kuma in ji haushin kaina, wani lokaci na maigidana da ke can wani wuri yana raba wa ƴaƴan wasu hatsi.

Zazzaɓin ya sauka da allura, amma yarinyar ba ta dawo ba. Ba ta barci sai dai ta suma don gajiya, ta farka a firgice. Fatar cinyarta ta yi laushi tana lilo. Wata safiya Majo ta daɗe tana kallon ma'aunin, ta ja ni gefe.

"Zuciyar ta gyaru," ta ce. "Ciwon shina warkewa. Amma ɗiyar da ba ta barci, ba ta sha, ba ni da maganinta. Ba aikin ne zai kashe ta ba, gajiya ce."

Ranar na gwada wata dabara. Na kwanta a tabarma na juya baya, na ce Hamsatu ta kwantar mini da ita a jikin bayana, ta gefen da ba ciwo. Ta kwantar. Yarinyar ta ɗan yi shiru, ta shinshina, sai ta banƙare ta fasa kuka. Ba ta san bayana ba. Ni na haife ta, nonona take sha, amma ba ta san bayana ba. Wannan ya yi mini ciwo fiye da duk abin da na gani a ɗakin nan, na kifa fuskata a tabarma na yi kuka kamar an yi mini mutuwa.

Washegari tun kafin hantsi na je ƙofa na tsaya. Sojan ya ce in koma ciki, na ce ina jiran abinci. Ya dube ni ya ƙyale. Da na hango Inna na durƙusa a kan yashin, yana cin gwiwata. Ta iso, ta miƙa wa sojan kwano kamar ba ta gan ni ba. Na riƙe ƙarfen ƙofar.

"Inna," na ce, "takwararki tana mutuwa."

Ta tsaya, ba ta juyo ba.

"Ba ta barci, ba ta sha. Na ba ta bayana, ta ƙi. Naki ta sani. Kuma in an ɗaure ta da zani, ɗinkin zai buɗe. Ban san abin da zan yi ba, Inna."

Sai ta ce, "Tashi daga cikin rana, mai shayarwa ce ke." Ta tafi.

Ashe ba gida ta koma ba. Gindin katanga ta samu ta zauna har lokacin ziyara ya yi. Sai ga ta ta shigo. Ba ta dubi kowa ba, matan ɗakin kuwa duk sun zuba ido, suna jiran a ƙarasa faɗan da aka fara. Ta janyo tabarmata tsakanin gadaje biyu. Ta ɗauki bokitina, ta kife shi, ta ninka zaninta na sama ta ɗora a kai. Ta cire rigarta. Ta durƙusa, ta kifa ƙirjinta a kan bokitin, ta dafa ƙasa da hannu biyu, bayanta ya shimfiɗu.

"Ɗora mini ita," ta ce. "Ba zani. Ke za ki riƙe, tunda ke kika san inda suka yanka."

Na sa hannu ɗaya ƙarƙashin kan yarinyar, ɗaya ƙarƙashin ɗuwawunta, na ɗauko ta, na kwantar da ita a tsakiyar bayan Inna, gefen ciwon yana sama. Na durƙusa kusa, tafina a kan ƙugunta. Ta ci gaba da kukanta na ɗan lokaci. Sai Inna ta fara motsi, kaɗan-kaɗan, gaba da baya, irin motsin da jiki yake yi in ana tankaɗe, tana wani gunji a maƙogwaro wanda ba waƙa ba ne. Ina jinsa yana bi ta ƙashin bayanta har tafin hannuna. Yarinyar ta goga kumatunta a fatar, ta buɗe ɗan hannunta ta dafa. Kukan ya koma shessheƙa, shessheƙar ta koma ajiyar zuciya. Ta yi barci.

Majo ta shigo ta tarar da mu haka. Ta tsaya ta riƙe ƙugu. Ta zagayo ta duba ƙyallen, ta duba numfashin. Inna ba ta ɗago ba.

"Kada a ɗaure, kada a ja," in ji Majo. "Sauran ba ruwana." Da za ta fita ta ce wa mai shara ya faɗa wa sojan ƙofa a riƙa barin tsohuwar nan ta shigo tun da safe.

Yarinyar ta yi barcin da ba ta yi ba tun da aka yanka ta. Da ta farka na sauke ta na sa mata nono, ta kama. Ba ta sha da yawa ba, amma ta haɗiye, na ji da kunnena.

Haka sauran azumin ya tafi mana. Inna ta iso da hantsi, ta aje kwano, ta kife bokiti. In yarinyar ta yi barci babu mai motsi a cikinmu, ita a kife, ni a durƙushe, gumin bayanta yana jiƙa yarinyar yana gangarowa hannuna. Ƙuda ya sauka a fuskarta ba ta iya korewa, sai Hamsatu ta zo da mafici. Gwiwoyinta suka kumbura, fatarsu ta sale, muka riƙa tara tsummoki muna sa mata. Salla sai yarinyar ta farka take yi, ta miƙe da ƙyar tana dafa gado, bayan ya ƙi miƙewa sai an jima. Matan ɗakin suka sa mata suna Gadon Takwara, ta ji ta yi kamar ba ta ji ba. Ni da ita kuwa ba ma hira. "Ɗora." "Sauke." "Matsa hannunki." Da la'asar hadari yakan haɗu ta gabas, a yi iska mai zafi ta buga tagogi, mata su leƙa suna addu'a, sai ya watse. Ban ma iya tashi in leƙa.

Yarinyar ta rayu, kada in bar ku da zullumi. Tana Zinder yau da ƴaƴanta, tabon yana nan ƙarƙashin hammatarta, siriri, ita kanta sai da madubi take ganinsa. An sallame mu bayan salla, na fito da ita a kan matashin kai a hannu, ruwan farko ya sauka muna hanya. Ubanta ya dawo ya tarar an gama komai, kamar yadda maza suka saba. Inna kuwa tun daga azumin nan ba ta sake tafiya a miƙe ba har ta koma ga Allah.

Amma ba ranar sallama na san za ta rayu ba. Wata magariba ce cikin goman ƙarshe. Ranar yarinyar ta yi rigima, ba ta kwanta ba sai da rana ta kusa faɗuwa, Inna tana kife tun la'asar. Aka kira salla. Ɗakin ya kaure da ƙarar ƙoƙuna da ludaya, kowa yana buɗe baki. Na ce, "Inna, bari in sauke ta ki sha ruwa."

"Kada ki taɓa ta. Yanzu ta samu."

Leɓɓanta sun tsage, har da jini-jini a gefe. Na yi wa Hamsatu alama, ta ɗebo ruwa a ludayi ta ba ni. Hannuna ɗaya yana kan yarinyar, da ɗayan na kai ludayin bakin Inna. Ta karkata kai gefe, ta yi bisimilla, ta kurɓa, rabi yana shiga rabi yana zuba a tabarma. Na ƙara mata. Ta sha, ta numfasa, ta maida goshinta kan hannunta. Na ɗauka shi ke nan.

"Amarya."

"Na'am, Inna."

Ta ɗan motsa kafaɗarta a hankali, kamar mai gyara kaya a ka.

"Ta ƙara nauyi," ta ce. "Tun jiya nake ji, na bari in tabbata. Ɗiyar taki ta ƙara nauyi."

Na kifa goshina a kafaɗarta na yi ta kuka, hannuna yana kan yarinyar, ita kuma tana ce mini in yi a hankali kada in tashe ta.